Lambobin Yayana a Kan Sikelin Gado

Allah da Ya ba mu Yayana Ya karɓi abinSa ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakin baƙi na gidana da ke Anka, kuma dukkanmu wurinSa muka dosa. Na yi niyyar in yi shiru kamar yadda ya kamaci mai shekaruna. Abin da na ji a zaman makoki, da abin da na gani bayansa, su suka sa na ɗauki alƙalami, domin na lura cewa ranar da ni ma na kwanta babu sauran wanda zai iya faɗin ko wane ne muka binne.

Jama'a sun zo, ba ni da ƙorafi a kan haka. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin darbejiya. Sai dai kusan duk wanda ya zauna, da ya shafa addu'a, magana ɗaya yake yi mini.

"Malam, sai godiya hwa. Ya yi sa'a. Bisa gado nai yac cika, anka yi mai wanka, anka sallace shi cikin jama'a. Wa ka samun haka yanzu?"

Nakan amsa da amin, saboda gaskiya suke faɗa. Mun kai zamanin da ake yi wa mutum barka don ɗan'uwansa ya mutu a kan gado. Daga nan hira takan koma kan hanyar Zugu: wa aka tare, wane ƙauye ne ya tashi, gonar wa ce ta nuna ba mai girbe ta. Wani maƙwabcina, ma'aikaci mai kirki, ya matso kusa da ni ya ce, "Ashe tsohon ga da ka zama bakin masallaci ɗan'uwanka ne? Wallahi na ɗauka ɗan gudun hijira ne."

Na ce masa, "Ɗan gudun hijira ne. Kuma Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Mutum ɗaya ne ya zo makokin wanda ya rasu ɗin na ainihi. Ranar sadakar uku aka sauke shi daga bayan babur, tsoho tukuf, ido ya kusa tafiya, tun daga Gummi ya biyo hanyar da masu ƙarfi ma suke shakkarta. Abokin karawar Yayana ne a fagen kokawa tun suna samari. Bai yi sallama yadda aka saba ba. Ya tsaya a ƙofar zaure yana dukan ƙasa da sanda.

"Ina ragon? Ina shike? Ku ce mai ya hito!"

Na miƙe na kama hannunsa, ya fizge.

"Ya tsere, ko? Haka nan shike, da ya ga na shirya sai ya tsere. Duk ƙasar ga ni ɗai nit taɓa kai shi ƙasa. Sau guda! Shi ko ya kada ni har na bar ƙirgawa. To yanzu ka gaya min, Malam, in na ce na kada shi, wa za ya ce gaskiya nika faɗi?"

Sai ya zauna a kan tabarma ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa suna girgiza. Na ga samari suna ƙunshe dariya. A ganinsu tsufa ce ta taɓa shi.

To, ga wanda ya rasu.

A wani ƙauye kusa da Zugu aka haife mu. Ni aka kai makaranta, domin ni ne siriri marar amfani a gona. Shi ya zauna da garma. Na yi aikin koyarwa har na kai shugaban makaranta, na ajiye aiki da mutuncina, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Amma a gidanmu ba ni ne wanda ƙasa ta taɓa sani ba.

A zamanin da muka taso, da an ɗaure dawa an kai rumbu sai makaɗa su fito, ƙauyuka su aika wa juna goron gayyata. Ana share fage, a yi da'ira, 'yan kokawa su shigo da warki da layu. Dokar wasan guda ce, kowa ya san ta: da gwiwar mutum ko tafin hannunsa ya taɓa ƙasa, kaye ya tabbata, a sake shi, a juya wajen makaɗa. Yayana ba shi da girman jiki na ban tsoro. Abin da yake da shi yatsu ne. Idan ya kama wuyan hannun mutum, an gama. Har ya tsufa haka yake gaisawa, ba ya karɓar tafi, wuyan hannu yake kamawa ya ɗan matsa, sa'an nan ya ce, "Kana cin abinci kuwa?" Manyan mutane da yawa sun sha wannan tambaya a gaban jama'a.

Wani jami'in wasanni ne ya gan shi a fagen Bukkuyum ya nemi a ba shi shi, a kai shi birni a koya masa kokawar katifa, irin wadda ƙasashe suke karawa da ita. Mahaifinmu ya ƙi. Ya ce kokawa ta bayan girbi ce, wanda ya mai da ita sana'a ya bar gona ke nan. Innarmu kuwa, da gari ya waye sai muka ga ta daka masa fura ta tafiya ta ɗaure a ƙwarya. Mahaifinmu ya dubi ƙwaryar, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Wannan shi ne izinin da aka ba shi.

Labarin karawarsa ta farko a kan katifa shi ne wanda ya fi son bayarwa, kuma shi yake fara dariya. An haɗa shi da wani ƙato daga kudu. Usur na tashi ya cafke wuyan hannunsa, ya juya shi, ƙaton ya durƙusa gwiwa biyu. Yayana ya sake shi, ya juya baya, ya ɗaga hannu sama yana taku, yana neman inda makaɗa suke. An yi masa bayanin dokar katifa tun kafin ranar, cewa sai an danne kafaɗun mutum, amma jikinsa bai ji bayanin ba.

"Ina cikin rawata," yakan ce, "sai nij ji an ɗauke ni awa damin dawa. Da nib buɗe ido, rufin ɗaki nika kallo. Nic ce ma alƙali, wanga mutum ai na kada shi! Yac ce, to shi bai sani ba."

Bai sake yin wannan kuskure ba, ko da yake har ya mutu yana ganin rashin kunya ne mutum ya durƙusa kuma ya ci gaba da wasa.

Daga nan aka fara fita da shi waje, zuwa manyan tarukan nan da ƙasashe suke haɗuwa, inda ake gudu da tsalle da ninƙaya da kokawa duk a gari ɗaya. Lambobi takwas ya kawo gida, uku na zinariya, sauran azurfa da tagulla. Ban san wani ɗan wannan yanki namu da ya tara kamarsu ba, kuma na yi shekaru ina tambaya. Ranar da ya ci ta zinariya ta farko ina koyarwa a Gummi. A rediyo na ji an ambaci sunan mahaifinmu a bayan nasa, daga wata ƙasa da sai a taswira na san ta. Na tara ɗalibai a fili na sa suka rera taken ƙasa da rana tsaka. Mahaifinmu, da labari ya kai masa a gona, an ce ya tsaya ya jingina da fartanya ya ce, "To, ya dawo ya yi huɗa."

Abin mamaki, ba ya son ba da labarin nasara. Abin da yake so ya faɗa shi ne masaukin 'yan wasa: ɗakin cin abinci da ba a rufewa, dogayen masu gudu na gabashin Afirka da ba sa magana, da Larabawan da ya kayar da safe kuma ya bi su sallar azahar. Yana da ƙorafi guda wanda bai taɓa hucewa a kansa ba, wato masu ninƙaya. Ya ce ya ga mutum ɗaya ya faɗa ruwa da safe an ba shi lamba, ya faɗa da yamma an ba shi wata, gobe ya juya rigingine an ƙara masa.

"Taro guda, yat tara abin da nit tara duk rayuwata! Ni ko, in kada mutum, in kada wani, in kada wani, sa'an nan a ba ni guda, a ce sai wani taro. In da gulbin Gummi anka kai gasar, da Sarkawa masunta sun ƙare lambobin duniya."

Saboda haka kowace lamba a wurinsa tafiya ce guda, da shekarunta, da abin da ta ci a jikinsa. Yakan zazzage su daga jakar fatar da yake ajiye su, ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ita ta ci kafaɗarsa ta hagu, wannan a kanta aka tsaga masa kunne, wannan ta tagulla kuwa ta fi sauran daraja domin da zazzaɓi ya shiga. Ni yake faɗa wa. Rubutun da ke jikinsu na harsunan waje ne, ni nake karanta masa abin da na iya, shi kuma ya cika mini da abin da ba a rubuta ba. Tsakanin mu biyu ne labarin ya cika.

Da gwiwoyi suka gaza, ya dawo gida. An tarye shi da jawabi, an yi masa alkawura a gaban jama'a, ba zan jera su ba domin babu wanda aka cika. Bai bi kowa ofis ba. Ya karɓi gonar mahaifinmu ya yi huɗar da aka ce ya dawo ya yi. Da kaka yakan zauna a bakin fage yana rabon gardama, kuma ko hakimi ba ya ta da hukuncinsa.

Akwai wani abu da ya yi wanda nake so a sani. Lokacin da fitinar daji ta fara tsanani, aka kore shanun maƙwabcinmu, wani dattijon Bafulatani da rugarsu ta girmi ƙauyenmu. Shi aka yi wa sata, amma da ya shigo kasuwa neman hatsi sai kowa ya rufe buhu, domin a lokacin an daina bambanta wanda aka zalunta da wanda ya yi zalunci. Yayana ya taso daga rumfar mahauta ya kama wuyan hannun dattijon, ya ja shi layi layi har gaban mai awo.

"Auna mai. Nonon gidan wanga nis sha nik kada mutanen da kuka jin labari. Wanda ad da magana, ga ni."

Shekarunsa sun haura sittin a lokacin, yana ɗingishi, amma babu wanda ya so ya gwada.

Rigimarsa da babban ɗansa ita ce ciwon da ya tafi da shi. Da zinariya ta bayyana a ƙasar Anka, samari suka watsar da noma suka shiga rami, babban ɗan yana cikinsu. Ya zo da buhun dutse zai daka a tsakar gida, kamar yadda ake yi a wurare da yawa kafin a gane illar abin. Yayana ya ɗauki buhun ya jefa bayan danga. Bai san komai game da gubar dalma ba a lokacin, kawai ya ce gidan da ake daka hatsi ba a daka dutse. Bayan haka ne 'yarsa da ke aure a Sunke ta binne ɗanta na fari, a shekarun da gubar ta yi ta ɗaukar ƙananan yara. Wannan bai kawo sulhu ba. Ina wurin ranar da ɗan ya tsaya a kansa.

"Baba, kai ka hana mu nema, kai kuma ka kwanta bisa zinariya. Ukku gare ka cikin jaka! Guda ɗai ta isa ta tashe mu."

"Ba zinariya ba ce wadda kaka nuhi. Ruwa anka yi musu."

"Gwamnatin duniya ta tara mutane ta ba ka ƙarhen banza? Baba, ko yaro ba ya yarda."

"To kak ka yarda."

Ɗan bai yarda ba, kuma bai yi shiru ba. Ya faɗa a bakin rami, cikin ɓacin rai, ba da nufin cuta ba. A ƙasar da kowa yake maganar zinariya tun daga asuba, magana irin wannan ba ta tsayawa inda aka faɗe ta. Ta yi tafiya har ta shiga daji. Wata rana wani mai kai wa mutanen daji kaya ya tsaya a gonar Yayana ya ce an aiko shi: an ji tsoho yana da zinariyar Turawa, a shirya ta.

Ya zo Anka ya same ni muka zauna. Shi ya warware lissafin da kansa. Idan ya hana, za su kashe shi. Idan ya bayar, za su kai wa mai gwadawa, a ce musu ƙarfe ne, su ce ya ɓoye ta gasken ya ba su ta bogi, su kashe shi, wataƙila har da iyali. Babu amsar da za ta fisshe shi. Abin da ya rage shi ne ya tashi. Ya bar dawa tana bununi, ya ɗauko matarsa da jakar fata a kan babura biyu. Kafin damina ta zagayo sauran ƙauyen ma sun watse, fagen kokawa ya zama ciyawa.

A gidana ya yi shekarunsa na ƙarshe. Mutumin da aka ɗaga wa tuta a ƙasashen waje ya koma zama a bakin masallaci yana kallon babura. Ya daina fito da jakar. Sau ɗaya na ce masa mu kai lambobin inda za a adana su, a birni, ya ce, "Su wa za su kallo?" Da ciwo ya kwantar da shi, babban ɗan ya zo ya durƙusa, uban ya kama wuyan hannunsa, amma yatsun ba su iya matsawa ba. Sun yafi juna, na shaida. Sai dai yafiya daban, yarda da magana daban.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaurena. Magada su ne matarsa, da 'ya'ya maza uku, da mace ɗaya. Babban yana ramukan Anka, na biyu yana kabu-kabu a Gummi, na uku yana dako a Bukkuyum, macen tana Sunke. Ni ba ni da kaso, domin inda akwai ɗa namiji ɗan'uwa ba ya gado. Na san wannan hukunci, na koyar da shi, kuma ba ni da ja a kansa. Na zauna ne a matsayin mai gida.

Malamin da ya zo rabon mutum ne mai tsoron Allah, ya bi komai a tsanake. Gona aka fara ambata, aka rasa yadda za a yi da ita: ba mai iya zuwa, ba mai saye, aka bar ta a kan sunan kowa har Allah Ya kawo sauƙi. Aka fito da riguna, da rediyo, da garma, da buta. Sa'an nan matar Yayana ta miƙo jakar fata daga bayan labule.

Malam ya ce ba a raba abu sai an san ƙimarsa. Babban ɗan ya riga ya zo da dillalin zinariya, yana jira a waje. Mutumin ya shigo da ɗan sikelinsa da baƙin dutse da kwalbar ruwan gwaji. Ya ɗauki ta zinariya ta farko, wadda na sa ɗalibai suka rera take dominta, ya goga ta a dutse, ya ɗiga ruwa. Bai gamsu ba, ya fito da zarto ya ci gefenta. Na ji ƙarar a haƙorana. Ya duba, ya tura ta gefe, ya gwada sauran biyun.

"Ruwa ne. Ko na ɗan kunne bai kai ba. In 'yan gwangwan za a kai ma, sai dai a auna su gaba ɗaya."

Babban ɗan ya ce a sake gwadawa. Aka sake.

A nan na nemi izini na yi magana. Na ce tun da ƙimarsu ba ta taka kara ta karya ba, ina roƙon magada su bar su wuri ɗaya. Na ce lambobin nan takwas tafiya takwas ce, idan aka raba su babu wadda za ta iya ba da labarin kanta. Na ce ni zan riƙe su amana, ko in ba da abin da aka ƙiyasta a raba, duk wanda suka zaɓa. Na fara faɗin ko wace ce ta ci kafaɗarsa.

Ban kai ƙarshe ba na ga 'yan'uwan suna kallon juna, na gane abin da maganata ta haifar. Waɗannan yara sun tashi a ƙasar da ba wanda yake neman abu sai ya san akwai wani abu a cikinsa. Dillali ya ce ƙarfe ne, ga Baffansu mai ilimin boko, wanda yake iya karanta rubutun jiki, yana roƙo a bar masa.

"Baffa," in ji babban, cikin ladabi, kansa a ƙasa, "in ba su da amfani, mi za ka yi da su?"

"In ajiye, a san ubanku."

"Mun san ubanmu, Baffa. A dai ba kowa hakki nai."

Na dubi malam. Ya ce, "Malam, ka fi ni sani. In magaji guda ya ce a raba, sai a raba. Labarin da kaka faɗi gaskiya ne, amma ba shi hawa sikeli."

Lissafin ma bai ba da wahala ba, kamar da gangan. Takwas ne: tumuni ga matar, ɗaya ke nan, bibbiyu ga maza, ɗaya ga mace. Babban ya zaɓi biyu daga cikin na zinariya, ba wanda ya hana shi. Ta tagullar nan da aka ci da zazzaɓi ta faɗa hannun na Bukkuyum, ya jefa ta aljihu tare da makullin ɗakinsa. Macen ta ƙulle tata a bakin zane tana kuka, ta ce za ta ajiye, na kuma yarda da ita, amma ba ta san ta wace ƙasa ce ba, kuma mai babur yana ta yi mata hon don a wuce daji kafin la'asar. Matar Yayana ta bi 'yar zuwa Sunke da tata lambar bayan ta fita takaba. Aka bar mini jakar fatar, domin ba wanda ya ce yana so.

Ba na zargin yaran nan. An raba su da gona, an raba su da ƙauye, ba su taɓa ganin an share fage an kira ubansu da kirari ba. Abin da suka gani tsoho ne mai ɗingishi da ya ƙi sayar da abin da zai cishe su. Wa ya nuna musu wani abu daban? Makarantun da na yi wa hidima ba su taɓa ambatonsa a aji ba. Garin da ya yi masa jawabi bai sa sunansa ko a jikin rumfa ba. Makaɗan da suka san kirarinsa sun riga shi tafiya, tsohon Gummi kuwa an aiko mini cewa ya kwanta, ba ya gane mutane.

Ranar kasuwar da ta wuce na bi ta layin masu sayen zinariya, ba don ina da harka a can ba, hanyar mai gyaran tabarau ce. A kan teburin wani dillali, ba wanda ya zo gidana ba, na hango rabin lamba. An raba ta biyu da zarto don a ga cikinta. Ya ɗora ta a kan ledojin da yake ƙulla garin zinariya, kada iska ta kwashe. Na ɗauka na juya. Rabin rubutun yana nan, na gane ta.

"Ina kas samo wagga?"

"Wani ɗan rami yak kawo su, biyu. Yac ce sai an tsaga. Munka tsaga, ba komi. Yab bar su nan yat tahi, ko waiwaye bai yi ba."

"Ina sauran?"

"'Yan gwangwan sun ɗauka. Wagga na bar ta don tana da nauyi." Ya dube ni. "Ka san mai ita, Alhaji? An ce wani tsoho ne, wai ɗan dambe."

"Kokawa," na ce.

"To, kokawa." Ya miƙo hannu ya karɓa, ya mayar da ita kan ledojinsa, domin iska ta fara ɗaga su.

Ya Allah, bawanKa ya zo Maka ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da iyayenmu a cikin rahama. Mu mun kasa riƙe abin da ya bari. Kai Ka san kowace ɗaya, da inda aka ci ta, da abin da ta ci a jikinsa. Amin.